Ɗaya Cikin Ɗari Uku

Ranar Juma'a da hantsi Bohumil Vavra ya sauka ɗakin aikinsa na ƙarƙashin gida da kofin gahawa a hannu, sai ya tarar da albarushi zaune a cikin tasar sikeli.

Ɗan kaɗan ne, bai ko rufe gindin cokalin shayi ba. Amma tsohon ya ƙame yana kallonsa har gahawa ta zubo masa a silifa bai ji ba. Shekara talatin da ɗaya yana ɗura harsashi a ɗakin nan, ya san abin da idonsa ya gani. Al'adarsa ce duk kwanso hamsin sai ya tsayar da inji, ya zare kwanso ɗaya, ya juye albarushin a tasa ya auna. In awo ya yi daidai ya mayar da shi cikin kwanson, ya mayar da kwanson kan inji, ya ci gaba. To ga albarushi a tasa. Ina kwanson? Ya duba kan benci, ya duba ƙasa, ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo ya haska ƙarƙashin kabad. Babu shi babu alamarsa. Ke nan kwanson ya koma inji da cikinsa wayam, inji ya ɗora masa dalma ya matse baki, ya faɗa bokiti cikin 'yan'uwansa. Harsashi ɗari uku ya ɗura jiya. Jiya kuma da yamma 'yarsa Vendula ta zo daga birnin Brno ta kwashe su kaf, ta sumbace shi a kumatu ta tafi. Gobe Asabar za ta harba su a gasa.

Wanda bai san bindiga ba zai ce to mene ne, harsashin da ba albarushi ai ba zai tashi ba. Da ma haka ne! Ɗan ƙyastun da ke gindin kwanso yana da ƙarfin da zai tura dalmar cikin bututun bindiga, ta yi rabin hanya ta maƙale. Ƙarar da yake yi 'yar mitsitsiya ce, fut, kamar an buɗe kwalba. In mai harbi ya ji ya tsaya, shi ke nan, a sa sanda a zungure dalmar. In kuwa ya aika wani harsashi a bayanta, ƙarfen ya fashe a hannunsa.

Ya zauna yana laluben jiya a cikin kansa. Ya tuna ya juye albarushin. Abin da ya tuna bayan wannan shi ne yana tsaye a lambu gindin itacen tuffa, safa a ƙafa ba takalmi, yana kallon shinge bai san me ya fito yi ba. Minti biyu ne ko ashirin, oho. Da ya koma ƙasa ya ga kwanso a hannunsa, sai ya saka shi a inji ya ja hannu. Shi fa, Bohumil, wanda ya koya wa rabin 'yan ƙungiyarmu ta masu harbi cewa ko waya ce ta yi ƙara ka waiwaya, to ka kwashe duk abin da ke kan inji ka faro daga farko.

Karo na uku ke nan a cikin wata huɗu. Na farko ya ɓace hanyar gida daga kantin burodi, bai gaya wa kowa ba. Na biyu ya bar tukunya a wuta har maƙwabciya ta hango hayaƙi ta kira Vendula. Ranar Vendula ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Kankare tukunyar ta yi, ta kife ta, sannan ta ce, "Baba, in aka sake, zan karɓi mabuɗin akwatin bindigogi da na ɗakin ƙasa, ka dawo wurinmu." Wurin nasu hawa na bakwai ne, da 'yar baranda da ba ta ɗaukar kujera biyu. Ga shi kuma wata mai kamawa zai je likita ya duba shi kafin a sabunta masa lasisin bindiga. Tun da matarsa ta rasu, in ka cire inji da filin harbi daga rayuwar Bohumil, talabijin kaɗai ta rage.

Duk da haka ya ɗauki waya, a ba shi wannan. Ya kira ta.

"Baba, yi sauri, ina tsakiyar aiki."

Yana jin agogon atisaye yana kuka a bayanta, tiit, sai ƙarar kunama a bindigar da ba harsashi, ƙyas, ƙyas. Ya san yadda take ba sai ya gani ba: ɗamara a ƙugu, ƙananan kwalaye manne a ƙofar kabad da ta banɗaki, tana zarowa tana nuni tana mayarwa. Awa guda kullum kafin ta tafi wurin aikinta na ƙera haƙoran roba. Shekararta talatin da shida. Mata huɗu za a ɗauka zuwa gasar Turai, ita ce ta biyar, kuma gasar gobe ita ce ta ƙarshe da za a duba.

"Harsasan nan na jiya," ya ce.

"Kai, Baba! Zuba su na yi a tire ina kallo. Hynek ya ce ko ranar aurenmu ban kalle shi haka ba."

"Cewa na yi ko za ki sayi na kanti ki riƙe. Saboda ko-ta-kwana."

Ta tuntsire da dariya. "Na kanti? Masu harbin mutum kamar jaki? Wata shida ina daidaita hannuna a kan naka. Wai me ya faru?"

Nan fa. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ya kalli injin, ya kalli kwalayen ƙyastu da ya jera bisa shekara, ya kalli kujerar da jikinsa ya yi wa gurbi.

"Ba komai," ya ce. "Tsufa ne. Ci gaba da aikinki."

Yinin ranar lissafi ya yi ta yi wa kansa, irin lissafin da mutum ke yi in ya riga ya san amsar da yake so. Gasar harsashi ɗari biyu take ci, ɗari za su dawo gida, watakila mugun yana cikinsu. In ma ya zo, Vendula ba baƙuwar bindiga ba ce, za ta ji. In ba ta ji ba, alƙalin fili na tsaye a kafaɗarta, aikinsa ke nan. Kuma shi da kansa zai cika mata gidajen harsashi kamar kullum, zai gano shi. Ya san sikeli ba zai taimaka ba, don kwansunan tsintuwar fili ne na kamfanoni daban-daban, bambancin nauyinsu ya fi nauyin albarushin. Amma yana da kunne, yana da yatsu. Haka ya ce wa kansa, ya share tasar sikelin tas.

Asabar ta waye da sanyi da yayyafi. A tsohon ramin fasa dutse da ƙungiyarmu ta mayar filin harbi, an riga an kafa fage goma tsakanin tudun ƙasa, da katangun katako da allunan kwali da farantan ƙarfe masu fenti fari. Hayaƙin gashin naman klobasa na tashi daga rumfa tun ƙarfe bakwai. Bohumil ya shimfiɗa tawul a bayan motar Vendula, ya buɗe akwatunan roba uku, ya fara ɗaukar harsashi ɗaya-ɗaya. Ya kai kunne ya girgiza, ya jujjuya a yatsu, ya tura a gida. Bai ji komai ba. Albarushin ya kusa cika kwanso, mai shi da marar shi duk shiru suke.

"Bohush, me suke gaya maka? Wa zai ci?"

Lubor ne, alƙalin da zai bi rukuninsu, jibgegen mutum mai jan gemu da suka fara harbi tare da Bohumil tun ana yin allon da kwalin firji.

"Sun ce ka rage giya, ka daina tare wa mutane rana."

"Wace ranar, a wannan hadarin?" Lubor ya juya ga wasu baƙi biyu da ke ɗaura ɗamara. "Kun ga tsohon nan? Shekara talatin ina tsaye bayan masu harba kayansa, ban taɓa jin ɗaya ya yi tari ba. In ya mutu da injinsa za mu binne shi, mu kuma mu koma jifa da dutse."

Aka yi dariya. Bohumil ma ya yi, ya sunkuya ya ci gaba da cikawa.

Vendula ta zo ta juya masa baya, ya jera mata gidajen harsashi biyar a ɗamara. Ta gyara tabarau, ta ja hularta, ta ce, "Yau ba na son shawara, Baba. Cika kawai."

A fage na farko, da Lubor ya ce ta ɗura ta shirya, Bohumil ya zare matoshin kunnensa ya rataye a wuya. Agogo ya yi tiit. Ta zaro, ta shiga harbi bibbiyu, tas-tas, tas-tas, ta sheƙa taga ta gaba, farantai suna faɗuwa a bayanta. Kowace ƙara sai ta shiga kansa kamar ƙusa, shi kuwa yana ƙirgawa. Goma sha huɗu. Duk sun tashi lafiya. Wani alƙali ya hango shi ya daka masa tsawa ya rufe kunne, ya rufe, da mutumin ya juya baya ya ɗage na dama.

Fage na biyu, ashirin da shida. Na uku, tara. A wurin awon gudu alƙalai suka ɗebi harsashi takwas daga ɗamararta, don su ɓare ɗaya su auna dalmar, su harba uku ta cikin na'ura su ga ko ƙarfinsu ya kai ƙa'ida. Bohumil ya tsaya jikin teburin yana roƙo a ransa mugun ya fito a nan, a hannun mutumin da ke harbi a zaune, ɗaya bayan ɗaya, ba agogo a kansa. Ya yarda ya sha kunyar. Ina! Uku suka tashi gudunsu kusan ɗaya, mai na'urar ya ɗaga kai ya ce, "Kai, Vavra, ko kamfani albarka."

Vendula kuwa ranar tata ce. Duk wanda ya ga harbinta da safen nan zai gaya maka. Ba ta garaje, ba ta jinkiri, ƙafarta na sauka bindiga na tashi. Yarinyar garin Ostrava da ke riƙe da gurbi na huɗu ta rasa allo ɗaya a fage na biyar, ta zauna a ƙasa tana zagin takalminta. Da aka tashi cin abinci Vendula na gabanta, da tazara kaɗan amma tana gaba.

Suka zauna a rumfa da kwanon gulash, wato farfesun nama, da burodi. Yayyafi na buga kwano. Kunnen Bohumil na dama sai ƙugi yake. Ɗari da goma sha ɗaya sun tafi, har da na alƙalai. Abin da bai lissafa jiya ba shi ne duk wanda ya tashi lafiya matso da mugun yake yi. Da safe ɗaya ne cikin ɗari uku. Yanzu ɗaya ne cikin ƙasa da ɗari biyu, kuma a cikinsu zai ɗebi rabi ya miƙa mata da hannunsa. Ya dubi hannayenta a kan teburi, gajerun farata, fatar gindin yatsa ta yi kanta, tsohon tabon ƙuna a babban yatsan hagu tun tana 'yar shekara tara. A rumfar nan akwai mutum goma da za su ba ta harsashi in ta tambaya. Za ta ɗan sha wahalar hannu, watakila ta rasa gurbin. Kuma za ta tambayi dalili.

"Vendulka," ya ce.

Ta ɗaga cokali ba ta dube shi ba. Idonta a rufe, leɓenta na motsi, tana bin fage na shida a cikin kanta, allo bayan allo. "Baba, don Allah. Kada ka ɓata min tsari. Da yamma ka faɗi duk abin da kake so."

Ya sunkuya kan kwanonsa. Abin takaicin shi ne sanyi ya ji a ransa. Ita ce ta hana shi, ko ba ita ba ce? Ya kama wannan ya riƙe gam, ya cinye gulash ɗinsa har ya suɗe kwano da burodi.

Na shida ya wuce, na bakwai ya wuce, na takwas ya wuce. Wurin cikawa harsashi biyu suka suɓuce masa suka faɗi a laka, ya goge su a rigarsa. Ya daina kai su kunne. Yanzu zaɓe yake yi kamar mai tsintar wake, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan, ba tare da wani dalili ba.

Fage na tara shi ne mafi tsawo, harbi talatin da biyu, da gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan, da jerin farantai shida a ƙarshe. A fagen da ke maƙwabtaka da shi masu bindigogi masu tsananin ƙara ne ke harbi, tudun ƙasa kaɗai ya raba. Vendula ta zaga fagen da hannu a miƙe tana nuna kowane allo da yatsa, ta dawo ta tsaya a kan layi, ta sauke kafaɗu.

"Kin shirya?" in ji Lubor. Ta yi shiru, alamar eh.

Tiit.

Ta share kusurwar farko, ta canja gidan harsashi tana gudu, tsohon ya faɗi a laka ba ta ko kalle shi ba. Ta biyu. Lubor na binta da agogo a sama yana haki, idonsa a kan bakin bindiga da yatsanta. Ta ƙarshe. Faranti na ɗaya ya faɗi, na biyu ya faɗi. A maƙwabta wani ya buɗe wuta.

Fut.

Mutum ɗaya ne a ramin nan kunnensa a buɗe, kuma shi ya ji sarai.

Abin da ya biyo baya shi ya koya mata. Tun tana 'yar shekara goma sha biyar yake ɓoye harsashin roba a cikin na gaske, don bindiga ta yi mata shiru a tsakiyar harbi. Duk lokacin da ta tsaya tana kallon bindigar sai ya daka mata tsawa: kada ki yi tunani, tunani daƙiƙa biyu ne, buga gindi, ja sama, harba! Sau dubu nawa ta yi, a fili da a gida, har hannun ya daina neman izinin kai. Ya ga tafinta na hagu ya bugi gindin bindigar. Ya ga ta ja saman, kwanso ya fito yana juyi a iska. Ya buɗe baki.

"Tsaya!"

Muryarsa da ƙarar tare suka fita.

Ba ƙarar harbi ba ce, wani irin sauti ne mai kauri, kamar an saki tukunyar ƙarfe a siminti. Gidan harsashi ya fito ta ƙasa da ƙarfi, harsasai suka watse. Vendula ba ta saki bindigar ba. Bakinta na kallon tudu yadda doka ta ce, yatsa a waje, ta sunkuya a hankali ta ajiye ta a ƙasa da hannun dama. Sannan ta ɗaga na hagu ta duba. Babban yatsan da take shimfiɗawa a gefen bindiga, daidai inda bututun ya tsage, ba ya nan yadda ta san shi.

"Af," ta ce. Sai ta zauna a laka.

Lubor ya jefar da agogo ya damƙe mata wuyan hannu yana kiran mai jakar magani da muryar da ta tsayar da harbi a fage goma. Bohumil ya taho da gudu, gwiwa ta ci amanarsa ya faɗi, ya ƙarasa da rarrafe. Fuskarta duk ɗigon baƙi da jini, tabarau ya tsage amma ya tare idon. Ta dube shi ta ce, "Saura huɗu, Baba. Farantai huɗu kawai."

A asibitin gunduma aka shiga da ita ɗakin tiyata da la'asar. Bohumil da Lubor suka zauna a benci a baranda, takalmansu na zubar da laka a kan tayil. Lubor bai cire rigar alƙalanci ba, jini ya bushe a hannunta har gwiwa. Ƙaton mutumin nan kuka yake yi ba kunya, hawaye na shiga gemu.

"Ni ne a bayanta, Bohush. Taku ɗaya. Aikina ke nan a duniya, in ji wannan ƙarar. Kai da kake nesa ka ji, ni ban ji ba. Na gama alƙalanci. Gobe zan mayar musu da katin."

Bohumil ya ɗora hannu a gwiwar abokinsa. Hynek mijin Vendula ya iso daga Brno da rigar aikin gida, fenti a gashinsa. Ya rungume tsohon tun kafin ya tambayi komai.

Likita ta fito wajen ƙarfe shida. Hannun zai tsira, in ji ta. Babban yatsan an cire daga gaɓar farko, ƙashin ya niƙe ba abin da za a haɗa. Manunin akwai jijiyar da ta yanke, sai an kai ta Brno ran Litinin a gani. Ta tambayi aikin da mara lafiyar take yi. Da Hynek ya ce haƙoran roba take ƙerawa, likitar ta ce za a gani.

Aka bar mutum biyu su shiga, Bohumil da Hynek. Vendula na kwance, hannun a naɗe ya yi girman kan jariri, an ɗora shi a kan matashi. An wanke mata fuska, ɗigon albarushin na nan a ƙarƙashin fata. Maganin barci bai gama sakinta ba, maganarta a hankali take fita.

"Baba, zo nan. Ka ga yadda ka koma? Kamar kai aka yanka."

Ya matsa bakin gadon.

"Na ji shi fa," ta ce. "Ka gaya wa Lubor ya daina. Na ji fut ɗin nan da kunnena, na san mene ne. Hannuna ne ya riga ni. Ina ja ina cewa a'a, yatsana kuma ya riga ya tafi. Laifina ne. Shekara ashirin ina harbi, na yi abin da ko sabon shiga ba zai yi ba."

"Ba laifinki ba ne."

"Kai ma ba naka ba ne, kada ka fara. Ɗaya a shekara talatin da ɗaya. Ko kamfani yana yi." Ta lalubo hannunsa da na damanta ta riƙe. "Na san abin da kake tsoro. Ba zan taɓa mabuɗinka ba, ka ji? Ba wanda zai kai wa likitanka magana. Ka ci gaba da aikinka. In hannun nan ya warke ko da dama kaɗai ne sai na koma, kuma naka zan harba."

Ga shi nan, duk abin da ya yi shiru dominsa, an miƙo masa a kan gadon asibiti. Kai kawai zai gyaɗa. Ba wanda ya ga tasar sikelin, ya share ta. Lubor zai ɗauki rabin laifin, ita ta ɗauki rabi, su rayu da shi. Hannunta da ɗumi a cikin nasa, yatsu biyar cif. Ya ji ba zai iya riƙe shi ba, ya zare nasa.

"Na san da shi," ya ce.

"Da me?"

"Da harsashin. Jiya da safe na tarar da albarushinsa a tasar sikeli. Kaina ya sake ɗaukewa ran Alhamis, na tsinci kaina a lambu. Na san akwai ɗaya a ciki da babu komai."

Hynek da ke zuba ruwa a kofi ya tsaya da butar a karkace.

Bohumil ya dubi 'yarsa. Yana ganin maganar tana ratsa maganin barcin tana isa inda za ta isa.

"Jiya da safe," ta ce. "Da ka kira ni."

"Eh."

"Yau kuma, da kake cikawa kana sa min a ɗamara. Fage tara."

"Eh."

"Don me?"

Ya so ya ce ya zaci za ta ji, ya zaci Lubor zai ji, ya zaci zai dawo gida a cikin ragowar. Duk gaskiya ne kuma duk ƙarya ne.

"Don kada ki karɓi mabuɗin," ya ce.

Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Kallonsa ta yi tun daga farin gashinsa har lakar da ke gwiwoyinsa, a hankali, kamar mai neman inda ta taɓa sanin mutum. Sannan ta dubi mijinta.

"Hynek, fitar da mutumin nan."

"Vendulka," in ji Bohumil.

"Fitar da shi."

Hynek ya ajiye butar. Ya kama gwiwar hannun tsohon, bai finciko shi ba, a hankali ya juya shi kamar yadda ake yi wa marar lafiya. A bakin ƙofa Bohumil ya waiwaya. Ta riga ta juya fuska bango, ta tallafe naɗaɗɗen hannun da mai lafiyar ta manna shi a ƙirji. Hynek ya ja ƙofar ya rufe daga ciki.